Ƙwan Sitajin da Tarihin Gidajen Ƙyanƙyasa na Kogin Bolga

Sitajin babban kifi ne na koguna da tekunan arewacin duniya, kuma daga cikin macensa ake ciro baƙin ƙwan nan mai tsada da ake sa wa gishiri a sayar da sunan kabiya. Tsohuwar halitta ce, kakanninta sun rayu tun zamanin manyan dabbobin da suka shuɗe miliyoyin shekaru da suka wuce. Yawancin ƙashinsa guringuntsi ne, jikinsa yana da layuka 5 na faifan ƙashi a maimakon ɓawon da aka saba gani a jikin kifi, bakinsa yana ƙasan kai, da gashin baki guda 4 da yake laluben abinci da su a gindin ruwa. Danginsa sun haura iri 20, amma babu inda suka taru da yawa kamar Tekun Kasfiyan da kogunan da ke zuba cikinsa, wato Bolga da Ural da Kura. A can ake samun beluga, uban dangin wajen girma, wanda aka kama macensa mai nauyin kilo 1,571 a bakin Bolga a 1827. A can ne kuma gidan osetir da sebruga, sai ɗan ƙaraminsu sitalet, wanda bai cika fita daga ruwan daɗi ba.

Manyan irin suna girma a teku, sai lokacin haihuwa su hau kogi, wani lokaci tafiyar fiye da kilomita 1,000. Ba sa gaggawar balaga. Macen osetir kan haura shekara 10 kafin ta yi ƙwan fari, ta beluga kan kai 16 zuwa 20, kuma bayan haka ba kowace shekara take haihuwa ba. Idan sanyi ya wuce, ƙanƙara ta narke, kogi ya cika, mace kan nemi wuri mai tsakuwa da ruwa mai gudu ta saki ƙwanta, maza na biye da ita suna zuba maniyyi. Ƙwan bai wuce girman ƙwayar dawa ba, milimita 2 zuwa 4, kuma mace ɗaya kan zuba ɗaruruwan dubbai. Da ya taɓa ruwa, cikin 'yan mintoci fatarsa ta waje takan yi danƙo, ya manne a jikin tsakuwa. Danƙon shi ke hana ruwa tafiya da shi, shi ke ajiye kowane ƙwai a wurinsa inda sabon ruwa ke wanke shi dare da rana. Abin da ya zama rahama a kogi shi ne ya fi wahalar da mutanen da suka nemi ƙyanƙyasar ƙwan nan a cikin kwano, har wajen shekara 45.

Kamun sitajin a Bolga ya daɗe. Tun kafin Rasha ta ci birnin Astarakan na bakin kogin da yaƙi a 1556 ake kafa shingayen itace a rassan kogin ana tare kifin da ke hawa. Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 ƙorafin raguwar kifi ya yi yawa har gwamnati ta tura masanin halittu Karl von Baer ya binciki kamun kifin Kasfiyan daga 1853 zuwa 1856. A daidai wannan lokaci dabarar haɗa ƙwan kifi da maniyyi da hannu tana yaɗuwa a Turai. Wani Bajamushe, Stephan Ludwig Jacobi, ya bayyana ta tun shekarun 1760, Faransa kuma ta gina gidan ƙyanƙyasa na gwamnati a Huningue a 1852. A Rasha, Vladimir Vrassky, mai gidan kifi a Nikolsk ta lardin Nobgorod, ya lura cewa idan aka tatsi ƙwai cikin ruwa kafin a zuba maniyyi, yawancinsa ba ya kamawa. Sai ya koma haɗa su a busasshen kwano, ya ƙara ruwa daga baya, ƙwan da ke kamawa ya ƙaru ƙwarai. Wannan ita ce hanyar da aka sani da busasshen haɗi, amma a kan kifayen dangin salmon aka gano ta, kuma sitajin ba salmon ba ne.

Wanda ya fara cin nasara a kan sitajin shi ne Filipp Ovsyannikov, malamin ilimin aikin gaɓoɓin jiki. A 1869, a tsakiyar Bolga wajen Simbirsk, ya haɗa ƙwan sitalet da maniyyi, ƙwan ya kama, 'ya'ya suka fito. Shi da Alexander Kovalevsky da Nikolai Wagner suka wallafa bayanin farko na yadda ɗan tayin sitajin ke girma, daga baya Vladimir Zalensky ya faɗaɗa shi. Yawan duba ƙwan ya kai Ovsyannikov ga wani abin mamaki a 1871: wata ƙaramar halitta 'yar dangin halittun ruwa masu harbi, wadda ke rayuwa a cikin ƙwan tun yana cikin uwa tana cinye gwaiduwarsa. Ana kiranta Polypodium, kuma har yau masu sarrafa kabiya suna tsince ƙwan da ta shiga, domin ya fi sauran girma. A Amurka, Seth Green ya ƙyanƙyashe sitajin a Kogin Hudson a 1875 cikin akwatunan da ke shawagi a kan ruwa, masu gindin raga. Jamusawa sun gwada a Kogin Elbe, Nikolai Borodin kuma ya yi nasara da sebruga a Kogin Ural a 1884.

Duk waɗannan gwaje-gwaje ne, ba sana'a ba, kuma abubuwa biyu suka hana su zama sana'a. Na farko shi ne samun mace wadda ƙwanta ya nuna. Macen da masunta suka kama a bakin kogi cikinta cike yake da ƙwai, amma ƙwan yana maƙale a jikin mahaifarsa, bai saku ba. Idan aka tsare ta a keji ko tafki ana jira, ba ta saki. Jikinta ne ke narkar da ƙwan ya shanye. Dole mai bincike ya tare a wurin haihuwa yana duba kifin masunta ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa ya dace da mace mai zubar ƙwai a ranar da akwai namiji mai maniyyi a kusa. Akan yi kaka guda ba a samu ba.

Na biyu shi ne danƙo. A cikin kwano ko akwati babu faɗin tsakuwar kogi, don haka ƙwai kan manne da juna ya zama curi. Na tsakiya ba ya samun iska, sai ya mutu. Mataccen ƙwai kuwa abincin wata fumfunar ruwa ce mai suna Saprolegnia, wadda ke fitowa fara, gashi-gashi, ta lulluɓe mataccen sannan ta miƙa zarenta kan rayayyun da ke jikinsa. Cikin kwana biyu ko uku curin gaba ɗaya ya lalace. Masu aiki a Kogin Delaware na Amurka a ƙarshen ƙarni na 19 sun sha wannan asara har ƙoƙarinsu ya mutu. An gwada shimfiɗa ƙwan a kan raga ko rassan itace kafin ya yi danƙo, amma hakan ba ya ɗaukar yawa. Maganin ya fito daga Kogin Kura a ƙasar Azarbaijan ta yau. A 1914 Alexander Derzhavin, shugaban ɗakin binciken kifi na Baku, ya nuna cewa idan aka dama lallausan taɓon kogi cikin ruwa aka riƙa juya ƙwan a ciki da zarar ya kama, ƙananan ƙwayoyin taɓon kan rufe danƙon, kowane ƙwai ya tsaya shi kaɗai. Aikin yana cin minti 40 zuwa sa'a ɗaya, da hannu ko da gashin tsuntsu, a cikin ruwa mai sanyi, kuma tsawon shekaru haka ma'aikata suka yi ta yi kafin a ƙera injin da ke juya ƙwan da kumfar iska. Daga baya aka samu wasu abubuwan da ke yin aikin taɓo: farar hoda, wani irin yumɓu, madara, da ruwan tanin, sinadarin da majema ke samu daga bagaruwa. Dabarar dai ta Derzhavin ce ba ta sauya ba.

Matsalar nunar ƙwai ta jira har shekarun 1930. A Barazil, Rodolpho von Ihering da abokan aikinsa suka gano cewa ana iya sa kifi haihuwa ta hanyar yi masa allurar wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar wani kifin, ƙullutun da ke fitar da sinadaran da ke umartar jiki ya saki ƙwai. A Leningirad, Nikolai Gerbilsky da ɗalibansa suka gina irin wannan hanya domin sitajin a ƙarshen shekarun. Ana ciro ƙullutun daga kan kifin da aka yanka a wurin sarrafawa, a busar da shi da sinadarin asiton, a adana. Ranar buƙata a niƙa, a dama da ruwan gishiri, a yi wa mace allura a tsokar baya. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu, gwargwadon ɗumin ruwa, ƙwan ya saku ya zubo cikin ramin cikinta. Masu kiwon tarwaɗa a Nijeriya sun san wannan aiki, domin allurar da suke yi wa uwar kifi kafin su tatse ta jikar wannan dabara ce, ko da yake ƙwan tarwaɗa kan fashe cikin kwana ɗaya da 'yan sa'o'i a ruwa mai ɗumi. Da allurar Gerbilsky, kifin da aka kama a bakin kogi ya zama iri, ba sai an bi shi wurin haihuwa ba.

Dabarar ta zo a kan gaɓa, domin wurin haihuwar kansa yana dab da ɓacewa. Tarayyar Sobiyet ta shiga datse manyan kogunanta domin lantarki da ban ruwa: Tsimlyansk a kan Don a 1952, Mingechaur a kan Kura a 1953, sannan madatsar Istalingirad, wadda ake kira Bolgogirad yanzu, da ta tare Bolga a 1958. Wannan ta ƙarshe ta rage filin tsakuwar da sitajin ke haihuwa a kai daga fiye da hekta 3,000 zuwa wajen 400. Beluga ta rasa kusan dukkan wurarenta, osetir ya rasa mafi yawa, sebruga da ba ta hawa da nisa ta fi tsira. An sa na'urar ɗaga kifi a jikin madatsar, amma abin da take tsallakarwa bai taka kara ya karya ba. Amsar gwamnati ita ce gidajen ƙyanƙyasa. An buɗe na bakin Kura a 1954, na Kizan kusa da Astarakan a 1955, wasu suka biyo baya a rassan Bolga da Don da Kuban. A 1962 aka hana kamun sitajin a cikin teku, aka mayar da shi koguna, domin a daina kashe ƙananan da ba su balaga ba.

Aiki mai girman haka ba ya tafiya da kintace, kuma a nan ne mata biyu masu binciken ɗan tayi a Mosko suka shigo, Tatiana Dettlaff da Anna Ginsburg. Littafinsu na 1954 a kan girman ɗan tayin sitajin an rubuta shi ne da masu ƙyanƙyasa a zuci. Sun raba rayuwar ƙwan gida 36, daga ƙwan da bai kama ba zuwa lokacin da yawancin 'ya'ya ke fitowa, kowane mataki da siffarsa da zanensa, sannan Olga Schmalhausen ta ci gaba da lissafin zuwa mataki na 45, lokacin da ɗan kifi ke fara cin abinci. Har yau da waɗannan lambobi ake magana a gidajen ƙyanƙyasa daga Astarakan zuwa Kalifoniya.

Ginsburg ce ta warware dalilin da ya sa busasshen haɗi na Vrassky ke ba da matsala a nan. Ƙwan yawancin kifaye yana da ƙofa ɗaya tak, 'yar siririyar huda a fatarsa, wadda ƙwayar maniyyi ɗaya ke shiga ta toshe. Ƙwan sitajin yana da huda da yawa a saman kansa, wani ƙasa da 10, wani gommai. A kogi wannan dabara ce mai kyau, domin ruwa mai gudu yana tsinka maniyyi, yawan ƙofofi kuma yana ƙara damar a dace. A kwano kuwa, idan aka zuba maniyyi mai kauri, ƙwayoyi da yawa kan shiga ta ƙofofi dabam-dabam a lokaci guda, kafin ƙwan ya samu 'yan daƙiƙun da yake buƙata ya rufe kansa. Irin wannan ƙwai yakan fara girma, amma a karkace, kuma ba ya kai labari. Gyaran shi ne a tsiyaye ruwan cikin uwa da ke tare da ƙwan, a tsinka maniyyi da ruwa, kashi 1 cikin 200, a zuba, a juya na 'yan mintoci, sannan a wuce wankin taɓo kafin danƙo ya kama.

Daga nan agogon ƙwan ya fara bugawa. Abu na farko da ido ke gani shi ne juyawa: fatar ƙwan ta kumbura ta saki abin da ke ciki, sai ɓangaren da ya fi nauyin gwaiduwa ya koma ƙasa, ɓangare mai haske ya dubi sama. A gefe ɗaya wani farin zane mai siffar jinjirin wata kan bayyana, kuma wajen nan ne bayan kifin zai kasance. Bayan wajen sa'o'i 3 a ruwa mai matsakaicin ɗumi, tsaga ta farko ta fito a saman ƙwan ta fara gangarowa. A nan sitajin ya bambanta da tarwaɗa da karfasa da sauran kifaye masu ƙashi, waɗanda ɗan faifai ne kawai a saman gwaiduwa ke rarrabuwa. Ƙwan sitajin dukkansa ke tsagewa, irin yadda na kwaɗo ke yi, sai dai tsagar na tafiya da sauri a sama, tana jan ƙafa a ƙasa inda gwaiduwa ta yi kauri. Tsaga ta biyu ta gitta ta farko, ƙwan ya zama gida 4. A wannan mataki ma'aikaci ke ɗibar ƙwai 200 ko 300 ya duba a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Mai gida 4 daidai ya kama lafiya. Wanda bai tsage ba bai kama ba. Wanda ya nuna gidaje fiye da ƙima tun da wuri, maniyyi fiye da ɗaya ne ya shige shi. Da wannan ƙidaya ake sanin darajar ƙwan uwa guda tun ranar farko, a yanke shawarar ko ya cancanci wuri a injin ƙyanƙyasa.

Rarrabuwa ta ci gaba har saman ƙwan ya zama tarin ƙananan ƙwayoyin halitta masu haske, ƙasansa manya masu duhu, da rami a tsakani. Wajen cikar kwana ɗaya sai mataki mafi haɗari ya zo. Wata 'yar tsaga ta buɗe a gefen da farin zanen nan ya fito, ƙwayoyin sama suka fara lanƙwasawa ciki ta bakinta, sauran kuma suna malalowa ƙasa suna lulluɓe ɓangaren gwaiduwa. Ana iya bin aikin da ido, domin duhun da ke ƙasa yana ta ƙanƙancewa: da farko babban da'ira, sannan ɗan toshi baƙi, sannan ɗigo, har ya rufe. A cikin wannan motsi ake shimfiɗa sassan da za su zama fata da jijiya, tsoka da ƙashi, da hanji. Ƙwan da aka tatsa kafin ya nuna sosai, ko wanda ya daɗe a cikin uwa bayan ya saku, ko wanda ruwa ya yi masa zafi ko ƙarancin iska, yawanci a nan yake tsayawa, toshin ya ƙi shiga. Shi ya sa ake sake ƙidaya a wannan mataki, kuma wannan ƙidayar ta fi ta farko faɗin gaskiyar yawan 'ya'yan da za a samu.

Bayan rufewar toshi, wani faffaɗan faifai ya bayyana a bayan ɗan tayin, gefunansa suka tashi suka haɗe suka zama bututu, gabansa ya kumbura ya zama ƙwaƙwalwa, sauran ya zama lakar baya. A gefe biyu zaren ƙoda na farko ya fito. Zuciya ta fara a matsayin miƙaƙƙen bututu, ta lanƙwashe, ta soma bugawa tun ɗan tayin bai rabu da siffar abin da aka naɗe a kan ƙwallo ba. Wutsiya ta saku daga jikin gwaiduwa tana tsawo har ta kai kai, ɗan tayin ya fara motsi. A ƙarƙashin kansa akwai wani ɗan ƙullutu da ke fitar da sinadari mai narkar da fatar ƙwan daga ciki. Idan ta yi laushi, bugun wutsiya ya fasa ta. 'Yan kaɗan ke fara fitowa, sannan taron ya biyo baya cikin sa'o'i. Yayin da duk wannan ke gudana buƙatar iskar oksijin tana ninkuwa, don haka ana ƙara gudun ruwa a injin daga rana zuwa rana.

Tsawon lokacin duka yana hannun ɗumin ruwa. Beluga tana son sanyi, wajen digiri 9 zuwa 14 a ma'aunin Selsiyas, kuma ƙwanta kan haura mako guda. Osetir a digiri 16 zuwa 18 kan fito cikin kwana 5 ko 6, sebruga a ruwan da ya haura digiri 20 cikin kwana 3 ko 4. Masu kiwon salmon sun saba ninka digiri da kwanaki su san ranar fashewa, amma lissafin ba ya tsayawa daidai a sitajin idan ɗumi ya sauya. Dettlaff ta kawo wani ma'auni: a ɗauki tsawon lokacin da ƙwan ke ɗauka tsakanin tsaga ɗaya da mai bi mata a farkon rarrabuwa, a mai da shi abin awo. Zafi yana gajarta wannan lokaci, sanyi yana tsawaita shi, amma adadinsa da ake buƙata kafin a kai kowane mataki kusan ɗaya ne muddin ɗumin bai fita daga iyakar da irin ke jurewa ba. An sa wa ma'aunin sunanta. Da shi aka zana jadawalin da ma'aikaci ke dubawa ya san sa'ar da zai fara taɓa cikin uwa bayan allura, da sa'ar ƙidaya, da daren da zai kwana a bakin injin.

Injinan ma sun yi tafiya. Akwatin Seth Green da ake ɗaurewa a kogi yana hannun iska da igiyar ruwa da man jiragen ruwa. A shekarun 1950 aka shigo da aikin cikin gini da injin Yushchenko: baho ne mai tire mai gindin raga, a ƙarƙashinsa akwai faifai da ke kai da komo. Ba lantarki ke tura shi ba, wani ɗan bokiti ne da ruwa ke cikawa, ya yi nauyi ya tuntsure ya ja faifan, ya koma ya sake cika. Kowane ja yana ɗaga ƙwan ya juya shi, matattun da fumfuna ta kama kuma, da yake sun fi sauƙi, su taso sama a kwashe. Injin da ya gaje shi, mai suna Osetr, jerin akwatuna ne masu nitsewa da tasowa, yana ɗaukar fiye da ƙwai miliyan ɗaya, 'ya'yan da suka fito kuma su bi kwata zuwa wurin tara su. A Amurka da Turai an fi amfani da tulun McDonald, mai ruwa na ɓulɓulowa daga ƙasa. Ba kowa ya yarda da wanke danƙo ba. I. A. Sadov ya yi jayayya cewa taɓo da yawan juyi suna raunana fatar ƙwan, ya ƙera tire da ƙwan ke mannewa ɗaya-ɗaya kamar a kogi. Hujjarsa ba ta banza ba ce, amma hanyarsa tana cin wuri da tsabtataccen ruwa, kuma gidajen da aka ɗora wa adadin miliyoyi a shekara ba su bi ta ba.

Abin da ke fitowa daga ƙwai bai zama kifi sosai ba. Tsawonsa wajen santimita 1 ne, bakinsa bai buɗe ba, cikinsa cike da gwaiduwa. Kwanakin farko yana yin sama da bugun wutsiya ya sake ya nitso, halin da a kogi ke sa ruwa ya ɗauke shi zuwa gangare. Daga baya 'ya'yan su taru a gindin baho cunkus, yayin da baki da gashin baki da gaɓoɓin numfashi ke fitowa. A ƙarshen hanjinsu akwai wani baƙin toshi, kuma fitarsa, bayan mako guda zuwa kwana 12, ita ce alamar da masu kiwo suka daɗe suna dogara da ita cewa lokacin ba da abinci ya yi. Masu aikin farko sukan saki 'ya'yan a kogi tun kafin wannan, sauran kifaye su cinye kusan duka. Tsarin Sobiyet ya koma riƙe su a baho ana ba su ƙananan halittun ruwa da farar tsutsa da ake kiwo musamman, sannan a zuba su a tafkunan ƙasa na wata ɗaya ko fiye, sai sun kai giram 2 zuwa 3 a sake su.

A shekarun 1980 gidajen Kasfiyan na Sobiyet suna sakin 'ya'yan kifi da adadinsu ya doshi miliyan 100 a shekara, Iran ma ta buɗe nata kusa da Rasht a farkon shekarun 1970. Kamun Sobiyet ya kai wajen tan 27,000 a 1977, aka ɗauki hakan shaidar nasara. Sai dai yawancin kifin da aka kama a lokacin an haife su ne a kan tsakuwa kafin a rufe kogi, kuma da wannan zuriya ta ƙare kamun ya fara faɗuwa. Rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ta buɗe ƙofar kamun sata a teku da kogi, gidajen ƙyanƙyasa suka rasa kuɗi, daga baya suka rasa har uwayen da za su tatsa. A 1998 duk dangin sitajin suka shiga ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido a kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Rasha ta hana kamun beluga na kasuwa a 2000, na osetir da sebruga a 2005. Mafi yawan belugar da ta rage a Kasfiyan 'yar gidan ƙyanƙyasa ce, kuma da yake daga uwaye kaɗan ake samo miliyoyi, akwai damuwar ƙuntatar jini a cikin zuriyar.

Ƙarancin uwaye ya tilasta sauya tsohuwar al'adar yanka mace a farke ciki a kwashe ƙwai. Igor Burtsev ya nuna tun ƙarshen shekarun 1960 cewa ana iya yi mata fiɗa a ɗinke, Sergei Podushka kuma a 1986 ya kawo hanya mafi sauƙi: a ɗan tsaga bututun ƙwai ta mafitarsa da siririyar wuƙa, a tatse, a mayar da uwar ruwa ta sake yin wani bayan 'yan shekaru. Sinadarin da ake haɗawa a masana'anta ya maye gurbin ƙullutun ƙwaƙwalwa a wurare da yawa. Kafin allura kuma ana zaro 'yan ƙwai daga cikin uwa, a dafa, a raba biyu da reza, a auna kusancin cibiyar ƙwan da samansa. Idan ta matso sosai, uwar ta shirya.

Ilimin ya bar Bolga ya bazu. Faransa ta karɓi sitajin na Saiberiya daga Sobiyet a 1975. Serge Doroshov, wanda ya baro Sobiyet ya zauna a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, ya jagoranci ƙyanƙyasar farin sitajin na Kogin Sacramento wajen 1980. Sin ta kafa cibiyar sitajin a Yichang a 1982 bayan madatsar Gezhouba ta tare Kogin Yangtze, kuma yau ita ce kan gaba a duniya wajen samar da kabiya ta kiwo. A Faransa, sitajin na Turai da aka daina ganin haihuwarsa a kogunan Gironde tun 1994 an samu 'ya'yansa a 2007 daga uwayen da aka raina a tsare, ana sakinsu a Garonne da Dordogne, har da Elbe na Jamus. Kusan duk kabiyar da ake sayarwa ta halal yanzu daga gona take fitowa. A 2022 ƙungiyar IUCN mai kare halittu ta bayyana cewa duk iri 26 da suka rage na sitajin da danginsa na kusa suna cikin haɗarin ƙarewa a ruwayensu na asali.